Ranar da Waya Ta Rubuta Mini Kuka

Ko a kabari ba zan manta da ranar bikin ƙanwata Rahila ba. Babanmu ya rasu, don haka ni zan tsaya a madadinsa in sallame ta a gaban dangin ango. Abu ɗaya ta roƙe ni: "Yaya, ka faɗi abin da ke zuciyarka."

Matsalar ita ce, ni zuciyata ba ta da baki. Shekara goma ina koyar da lissafi a Samaru, amma magana mai daɗi ba ta taɓa fita daga bakina ba (ku tambayi matata). Sai na buɗe manhajar nan da ake hira da ita kamar mutum, na ce ta rubuta mini jawabin da zai sa jama'a kuka. Ko dubawa ban yi ba, na cusa wayar a aljihu.

A wani ɗakin taro a Sabon Gari aka miƙo mini makirufo. Na ciro wayar, ina fara karantawa mata suka hau share hawaye. Kaina ya kumbura, na ce a raina ashe haka nake da zurfi ban sani ba.

Na iso inda jawabin ke cewa ina goya Rahila ina tsallake rafi da ita zuwa makaranta. Gwaggo Saratu, ƙanwar Baba, ta ɗago kai. "Wane rafi kuma a unguwarmu Palladan? Kai da ko jakarta ba ka taɓa riƙe mata ba?"

Na yi kunnen uwar shegu, na ci gaba cikin shessheƙa har layin ƙarshe, da ƙarfi kuwa: "Ina fatan wannan ya yi maka. Kana so in ƙara masa ban tausayi?"

Can wani abokin ango ya ce, "A ƙara mana, Malam!" Dariya ta ɓarke, har Fasto sai da ya rufe fuska da takardar tsarin biki.

Rahila ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ta ce a hankali, "Yaya, naka nake jira."

Na mayar da waya aljihu. Na laluba, na laluba, abin da ya fito kawai shi ne, "Ki riƙa cin abinci. In an dame ki, ɗakinki na nan." Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Har yau waya ce ke tsara mini tambayoyin jarrabawa. Amma kuka, ko layi biyu ne, da kaina nake yin abina.