Bayan Hambali Bai Taɓa Ƙasa Ba

"Sannu da kallo, tsoho. Ina gajiya?"

"Gajiya tana gare ka, kai da ka wuni kwance. Ni mi na yi?"

Habibou ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna gaban kakansa, tawul a wuya, zufa na ta zuba. Wurin wani zauren wasanni ne da ake haya a bayan titin Fordham Road a Amurka, ranar Asabar da la'asar. An kafa dandamali mai igiyoyi a tsakiya, an jera kujeru, 'yan kallo ko rabinsu ba su cika ba. Kokawar Amurka ce irin ta unguwa, wadda duk masu yin ta suna da wani aikin da za su koma ranar Litinin. Malam Hambali kuwa ya riga ya fita daga sahun 'yan kallo. Masu tsaro ne suka rako shi cikin ladabi suka ajiye shi bakin ƙofa, kusa da teburin mai sayar da riguna, sandarsa a kan cinya, kansa ba hula.

Ba sha'awa ce ta kawo shi ba. Ɗansa Mahamadou, uban Habibou, ya gaji da ganin yaron yana dawowa gida da ɗingishi, ga shago ba mai tsarewa ranar Asabar. Sai ya yanke magana: Baba ya yi kokawa a ƙasar Ƙonni har ana yi masa kiɗa, to ya je ya gani da idonsa. In ya ce kokawa ce, Habibou ya ci gaba. In ya ce shirme ne, shi ke nan, sai shago. Habibou ya amince da saurinsa, don a ganinsa tsohon nasa ne. Yanzu da ya dubi fuskar tsohon, sai ya fara jin ƙamshin shago.

"Ina hulata?" in ji Malam Hambali.

"Tana wajen mai sho ɗin, wanda ya shirya wasan. Ya ce rataye ta zai yi, don tunda yake bai taɓa ganin kakan wani ya hau dandamali ana tsakar wasa ba."

"Na hau, gobe ma in ta kama sai in hau. Ka ɗaga ƙato, ka maka shi da ƙasa, bayanshi dut ya kwanta. A garinmu nan take an gama. Sai dangi su shiga hili, a ɗaga hannun yaro, mai riga ya tuɓe riga ya ba shi, mai hula ya tuɓe hula. Na duba dama na duba hagu, ba dangi sai ni. In zamna?"

"Ko ɗumi ba mu yi ba fa."

"Laihina ne da anka haɗa ka da rago?"

"Moro ba rago ba ne. Tsari ne. Ni zan fara kada shi, mutane su ji daɗi, shi kuma daga baya..."

"Wanga Moro ɗan wane ne? Yaro mai tarbiyya. Na tsaya kanshi ina ce mishi tashi ka ba mutane wuri, an kada ka. Shina kwance, idanu ruhe kamar gawa. Sai na ji gawa ta ce, 'Baba, ina wuni. Ka yi haƙuri, ba a gama ba.'"

"Ɗan zangon Kumasi ne. Direban bas."

"To ya hi ka gaisuwa. Shi ko a mace sai da ya gaishe ni."

A dandamali wasu biyu suka shiga, aka saki kiɗa mai huda kunne. Malam Hambali ko waiwaye bai yi ba.

"Hitar da ni bai ci mini rai ba," ya ce. "Daga nan ina hangen komi. Na ga jikana, jinina, ya yi rigingine, ƙato ya haye shi, wani mai riga zane-zane ya durƙusa shina dukan ƙasa kamar ta yi mishi laihi. Kuma na ga ƙahwarka tana motsi. Kana iya tashi."

"Ina iyawa mana. Ba ranata ba ce."

"Wa ya ce?"

"Mai sho. Tun ran Laraba aka faɗa mana wanda zai ci."

Tsohon ya juya ya dubi mai sayar da riguna kamar zai kafa shi shaida. Mutumin, da ba ya jin ko "zo" da Hausa, ya ɗaga masa wata baƙar riga ko zai saya.

"Tun Laraba ka san za a kada ka. Kuma ka ci tuwo, ka yi barci, ka yi wanka ka taho."

"Har turare na sa."

"Kuma ka gayyato ni."

"Taimakonka na yi. In ba don ni ba kana can bakin taga kana ƙirga tantabarun unguwarmu Parkchester."

"Tantabaru sun hi ku gaskiya. In biyu sunka yi hwaɗa, ba wanda anka gaya ma tun Laraba. Bari kakarka Safiatou ta ji wanga labari, mu gani ko za ta sake ce maka miji."

"Matata ta san komai. Ita ta ɗinke mini wandon nan da ya yage. Ta ce da na zama zakara za ta tattara kayanta ta bar ka, ta gaji da mijin da sai an daka masa nama."

"Ni? Da haƙoran ga na taɓa riƙe igiyar bijimi."

"Waɗanne? Waɗanda ka baro a cikin kofi?"

"Hutu na ba su. Kai, yaro, ka san da wa kake magana? Ni ne Hambali na Ƙonni. Kaka bayan kaka, da an gama yankan gero, ni ne Madawa, ni ne Illela. Na taɓa kada mutum sai da anka kawo hauya anka tono shi."

"Bara ka ce raƙumi ne ka kada."

"Da shi da raƙumin. Shina bisa."

"Allah sarki, raƙumi. Shi me ya yi?"

"Ya tsaya inda bai kamata ba. Ka tambayi duk wanda ka so, tun da na ɗaura walki har na kwance shi, bayana bai taɓa ƙasa ba."

"Bai taɓa ba?"

"Ko da wasa."

"Har a bakin tashar jirgi? Sanyin bara?"

Maganar ta riga ta fita kafin Habibou ya auna ta, kuma sai da ya ji ba daɗi. A sanyin bara ne Malam Hambali ya taka ƙanƙara a gindin matakalar tashar Parkchester, ƙafa ta tafi, hannu ya karye, ƙeya ta bugu. Ya daɗe a kwance ana ɗaga shi ana kwantarwa. Tun daga nan sanda ta shiga hannunsa, kuma da sanyi ya shigo ko masallaci sai an kai shi a mota. A gidan ba mai tayar da zancen, har Mahamadou. Jika ne kawai zai faɗa a kwana lafiya, shi ma ba kullum ba.

Tsohon ya juya sandar a kan cinyarsa.

"Wannan ba kaye ba ne. Ƙanƙara ba ta yi sallama ba, ta baya ta zo."

"Ta dai kada ka," in ji Habibou, amma ya sassauta murya. "Kuma ka tare da hannu, ka bar kai ya bugu. Abin da ake fara hana mu ke nan. Haɓa a ƙirji, hannuwa a baje, ka saki jiki. Na yi watanni ba abin da nake yi sai faɗuwa kafin a bar ni in taɓa mutum."

"Watanni kana koyon hwaɗuwa. Uwarka ta haihu."

"Ai gado ne. Kai ka fara, ni gyara nake yi."

Daidai nan wani siririn mutum ya hau can saman igiya ya yi tsalle, abokin karawarsa ya goce, ya faɗo da baya har katakon ya yi ƙara. 'Yan kallo suka ɗauki ihu. Wannan karon Malam Hambali ya waiwaya, ya zuba ido yana jiran a kawo makara. Mutumin ya yi birgima, ya riƙe ƙugu yana yatsina don jama'a, can kuma sai ga shi tsaye yana zagin rafali. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Kai yau sau nawa ka sha ƙasa?"

"Wa ya ƙirga?"

"Ba inda ya karye?"

"Yunwa ce kawai."

Wayar da ke aljihun tsohon ta yi ƙara. Habibou bai buƙaci a gaya masa mai kira ba, lokacin rufe shago ya yi. Ya gyara zama. Yana son kokawar nan fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa, kuma ga shi da bakinsa ya tsokano alƙalin. Malam Hambali ya lalubo wayar a hankali, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita, sannan ya danna.

"Mahamadou. Lahiya lau. I, na gani. A'a, ba kokawa ba ce. Ko makwabtaka ba su yi ba."

Habibou ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da tawul.

"Dakata, ban gama ba. Kokawa ni na san ta, ka tsaya kada ka hwaɗi, shi ke nan. Waɗanga hwaɗuwar suke koyo, kuma sun iya. Ni har na tsuhwa ban iya ba, ka ga inda ta kai ni. Ka nemi wani ya tsare maka shago." Ya saurara kaɗan. "Na san abin da munka yi da kai. Ni na haihe ka, na sake magana."

Ya kashe wayar ya mayar aljihu. Habibou ya sauke tawul ɗin yana kallonsa baki buɗe.

"Ruhe baki, ƙuda za su shiga. Hular nan in ka amso ka riƙe, kyautar hili ba a maido ta, ko da rago anka ba."

"Na gode, Baba."

"Yanzu na zama Baba." Ya dogara sanda ya miƙe, ya ƙi hannun da aka miƙo masa. Sai da suka kai bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya. "Gobe in Safiatou ta tahi kasuwa, ka zo ka sauke mini katihwa ƙasa. Sanyi ya kusa. Haɓa ina ka ce?"

"A ƙirji."

"In ka gaya ma kowa, ni da kaina zan kada ka."

"Ba komai, tsoho. Ka dai sanar da ni tun Laraba."

Malam Hambali ya kai masa duka da sanda, ya kuskure, dariya ta ƙwace masa har sai da ya riƙe ƙofa.