Ranar da San Dodo Ya Kai Kansa Gida

Yau ma esansi ya ƙare a kaina. Tun hantsi nake tura moto, wato babur ɗina, a layi, ina isa gaban famfo mai sayarwa ya rataye tiyo ya ce sai wani jiƙon. Motar wani babba kuwa ta zagaya ta baya ta sha ta ƙoshi, har da jarkoki. Na yi masa fatan sauka lafiya, don in manya ba su sha ba, wa zai je taron neman maganin ƙarancin mai? Ban ma ji haushi sosai ba. Ƙarewar esansi ta taɓa yi wa garinmu rana, bari ku ji.

Ina da maƙwabci, Sha'ibu, mutumin da ko akuya ta shiga gonarsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Bara waccan san amalanken Dodo, wani maƙwabcin namu, ya ɓata. Aka ce an ga Sha'ibu a bakin rijiya da igiya a hannu. To wa ke zuwa rijiya ba igiya? Dodo dai ya kai ƙara cikin zafin rai, magana ta isa wata kotu, ba zan ce ta wane gari ba, ina da iyali. Can Ranka-ya-daɗe Sarkin Tuhuma, mai gabatar da ƙara, ya miƙe ya zuba Faransanci mai santsi, har Sha'ibu ya riƙa gyaɗa kai yana zaton yabonsa ake yi. Aka tura shi kaso.

Damina guda ta wuce ba shi. Matarsa Hafiza ta noma abin da ta iya, saura ciyawa ta cinye. Kowa ya san in aka sake yin shuka yana ɗaure, rumbunsu ya tashi aiki, yaran kuma sai dai a rarraba su gidajen dangi.

Ana haka sai ga Metir Maryamu, aboka ce, cikin wata ƙungiyar lauyoyi masu bin gidajen kaso suna tono waɗanda aka ɗaure ba gaira ba dalili. Ita ta gano wani makiyayi da ya ce san Dodo garkensa ya biyo, kuma shi da kansa ya miƙa shi hannun hukuma tun kafin a yanke hukunci. Da ta je biro, wato ofishinsa, Ranka-ya-daɗe ya ce bai san wani makiyayi ba, bai san wani sa ba, shi ko nama ma likita ya hana shi.

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe ta ce in kai ta a moto.

Na ce, "Metir, esansin da ag gare ni ba ya kai mu ya maido mu."

Ta ce, "Bon, hakanan nika so, Malam Rabilu."

Na ce a raina karatu ya yi wa baiwar Allah yawa. Ai kuwa muna isa bakin kasuwa moto ya yi tari ya mutu. Ga amalanke nan birjik da za su ɗauke mana shi, amma ta wuce su duka, ta tsaya gun wani mai ƙaton jan sa. Ni ban gane komai ba, don san Dodo da na sani ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, wannan kuwa ya ci dusar manya har wuya ya ninke. Mai tuƙin, wani dattijo Ɗan Malam, ya gama sauke buhunan wake ke nan.

"Baba, san wa na wanga?" in ji Metir.

"Na maigidana na, babban mutum na can kotu. Ni gona ɗai nika yi mai tsaro."

"Ka ɗaukam muna moto?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "In dai ba ku hwaɗa mai."

Muka ɗora moto muka hau. Da muka iso inda hanya ta rabu uku, Metir ta fito da wayarta ta fara ɗaukar hoto, ta ce, "Baba, saki igiyag ga ka huta."

"To ina munka nuhwa, ɗiyata?"

"Shi za mu tambaya."

Sa ya tsaya, ya shinshina iska, ya karkata ya ɗauki hanyar garinmu. Da ya hango rijiya sai ya ƙara sauri, ni ina rungume da moto ina salati. Ya wuce masallaci, ya shiga lungu, ya kutsa ƙofar Dodo ya tafi da rabin danga, bai tsaya ba sai a tsohon turkensa. Maigari da dattawa suna zaune a gindin itacen bedi, ashe tun safe Metir ta roƙe su su jira ta a nan.

Dodo ya fito, sa ya miƙa wuya ya lashi hannunsa. Sai Dodo ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce, "Wayyo ni, na ɗaure bawan Allah a banza." Hafiza tana tsaye bakin danga, hawaye na zuba. Ni ma nan dariya ta ƙare mini, don duk garin mun san halin Sha'ibu, kuma duk mun yi shiru.

Metir ta kai magana babbar kotu, da makiyayi da Ɗan Malam da hoton wayarta. Aka yi ta ɗage zama har ruwan farko ya sauka, mutane suka yi shuka, sannan aka sako Sha'ibu ya dawo a rame. Ranka-ya-daɗe kuwa an yi masa horo mai tsanani, kada ku ce ba adalci: an mai da shi babban gari, biro mai na'urar sanyi, inda ba zai ƙara ganin sa ba sai a faranti.

Dodo ya rantse san nasa zai yi wa Sha'ibu aiki damina duka, ya kai taki, ya ɗebo ruwa. Kafin rantsuwar ta bushe aka zo aka tafi da sa, wai shaida ne a binciken da za a yi. Da ruwa na biyu ya sauka sai Dodo ya saɓa sungumi da kansa ya shiga gonar Sha'ibu. Yana gaba yana sara, Sha'ibu na baya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Sai da suka kai ƙarshen gona, rana ta take, Sha'ibu ya kwance gorar ruwa ya miƙa masa.

Af, na manta. Motar da ta sha esansi ɗazu ta sabon Ranka-ya-daɗe ce, wanda aka ba ajiyar shaida, wato san Dodo. Da nake turo moto gida na gan ta a ƙofar mai walda, ana ɗaura mata sabon amalanke a baya.