Asibitin Kwamfuta na Dakta Arzika

Kafanchan ta yi sa'a a shekarar 1993, domin a lokacin ne Malam Arzika ya bar ofishin fayil na Reluwe, ya tafi Kaduna kwas na mako biyu, ya dawo Dakta. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya ga ya dace da shi. Ya buɗe shago kusa da tasha, ya ajiye kwamfuta ɗaya ya lulluɓe ta da zanin gado, ya sa aka ɗinka masa farar riga. 'Yan acaɓa na kiransa Dakta Ba-Atishawa, saboda mai mura ba ya tsallake ƙofarsa.

Abin alfaharinsa shi ne faifan magani, wato baƙin faifai mai laushi wanda ke ɗauke da manhajar kashe cutar kwamfuta. A Kaduna an ce masa ya riƙa sa shi kullum. Amma Dakta mutum ne mai zurfin tunani. Ya lura cewa duk maganin da ake sha ƙarewa yake yi, don haka ya kulle faifan a kabad, bai taɓa ɓarnatar da ko cokali ɗaya ba.

Ran wata Laraba sai ga Hellen, wata 'yar garin Fadan Kaje mai karatun jinya, riƙe da faifanta. Furojet ɗinta na kammala karatu ne a ciki, shafi tamanin, kuma ran Litinin za a rufe karɓa. Wanda bai miƙa ba sai baɗi. Kwamfutar makaranta ta ce faifan ya kamu, ga shi tasu manhajar ta lalace.

"Oga, don Allah ka taimake ni," in ji ta. "Malaminmu ya ce minti biyu ne kawai, ka sa maganin, ka sa nawa, ya gama."

Dakta ya dube ta ta saman tabarau, cike da tausayin jahilci.

"Yarinya, ke da kike karatun jinya! A ina kika ga an yi wa majinyaci tiyata ranar da ya zo? Sai an kwantar da shi, an killace shi, an buɗe masa fayil. Shekara ashirin da biyu na yi a Reluwe, takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba."

Ya sa ta wanke hannu da sabulu, ya karɓi faifan da hankici. Kwana uku majinyacin ya yi a kwano da busasshiyar citta. Kullum Hellen sai ta zo dubiya, kullum a ce mata jikin da sauƙi. Ni kam na tausaya mata, don har ramewa ta yi.

Ran Asabar aka yi tiyata. Dakta ya jera benci, ya gayyaci maƙwabta, ya yi jawabin rabin awa kan matsayin Kafanchan a duniyar kimiyya. Sannan ya buɗe kabad ya fito da fayil biyu masu tsabta. Na farko na magani, na biyu na majinyaci. Kowane faifai ya sha hatimi da sa hannu, an huda shi inci ɗaya daga kusurwa kamar yadda dokar ofis ta tanada, an zura masa igiyar fayil an ɗaure tam.

Ya kwance igiya ya tura magani. Kwamfuta ta yi gurnani ta ƙi karantawa. Ya tura na Hellen, ta yi wata ƙara kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Hellen ta ɗaga faifanta sama, ta hango rufin shagon ta cikin hujin, sai ta zauna a ƙasa.

"Oga, ka huda shi? Aikin shekara ɗaya ne fa!"

"An kawo shi a makare," in ji Dakta cikin jimami. "Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Da yammar nan ta kwashi rubutunta na hannu ta kai wa tsoho Nwachukwu, mai buga wa mutane takarda da tafireta a gindin mangwaro. Kwana biyu yana bugawa tana karanta masa, ya kai shafi na hamsin da ɗaya aka rufe karɓa.

Ran Talata Dakta ya aika mata da takardar shaidar rasuwar faifan, kwafi uku, tare da tunatarwa cewa ta sa hannu ta dawo da biyu don fayil.