Dariyar Uwar Mayu a Bikin Danja

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin ƙanwar Rabi a Danja ba, ko da kuwa na so in manta ɗin. Shekara biyu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini, ko a gaban allo nake ina koyar da yara, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in faro daga tushe. A lokacin akwai wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin, na mayu (ba zan kama sunansa ba, abin da na jawo wa kaina ya isa haka). Labarin wani ƙauye ne da mayu suka addaba, suna kama kurwar mutane suna dannawa a tulu. Shugabarsu wata tsohuwa ce da kowa ke kira Uwar Mayu. An shafe mata fuska da baƙi kamar gindin tukunya, gashi fari fat, idanu kuma an sa musu wani ja kamar garwashi. In ta kama kurwa sai ta ɗaga kai sama ta saki wata irin dariya mai hawa uku: ta fara can ƙasa kamar tari, ta hau, ta hau, ta ƙare da shaƙuwa.

Mahaifiyata, Inna, ba ta da abin so kamar shirin nan. Ba ta kallon na dare, wai ita ba za ta kwanta da mayu a ido ba. Maimaicin ranar Lahadi bayan la'asar take jira. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare a nan Malumfashi, tsakanin gidan aurena da gidanmu ba nisa, don haka duk Lahadi ina can. Za ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta ajiye kwanon dafaffiyar gyaɗa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ido ɗaya a waje. Da an nuno Uwar Mayu sai ta fara: "Kurwata kur! A'uzu billahi!"

Ni kuwa aikina suka.

"Inna, dubi fa, igiyar da suke jan tulun da ita ga ta can ana gani."

"Inna, don Allah wace irin mayya ce da agogo a hannu? Sauri take kar ta makara?"

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji ta. "Ki bar mutane su ji tsoronsu a natse. Ku malaman makaranta ba ku iya kallo ba, sai gyara."

Haka muke yi, ita tana tsoro, ni ina tsiya, gyaɗa tana ƙarewa. In aka ɗauke wuta a tsakiyar shiri ta ce bakina ne.

Ana tsakiyar zango na biyu, da damina, masara ta fara goyo, Inna ta kwanta. Kwana tara ta yi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan an share makoki na ci gaba da kallon shirin a ɗakina, ni kaɗai. Maigidana ba ruwansa, shi da rediyonsa ne da farashin taki. Sai in hango wani kuskure, in juya hagu da sauri baki buɗe, in tarar ba kowa. In mayar da maganar ciki. Wata biyar ina haɗiye suka, ta taru mini a ƙirji kamar ruwan da aka tare da bakin kunya a gona.

To a haka bikin ya same ni. Rabi ƙawata ce tun muna kwalejin horon malamai, kuma ita ce ta kafa mini ƙahon zuƙa, ta ce zaman ɗaki ya isa, in ban zo ba za ta zo ta ɗauke ni da kanta. Na ciro atamfar da ban taɓa sawa ba, na hau mota, muka bi ta cikin gonakin rake har Danja. Shi ne taron farko da na shiga tun rasuwar.

Don ta girmama ni, Rabi ta kai ni ɗakin mahaifiyarta, inda aka sauki dangin ango da suka zo daga wajen Zariya. Mata sun kai goma sha biyar, ɗaki ya cika da turare da hayaniya. Ina neman wurin zama sai wata 'yar tsohuwa ta matsa mini. Ƙarama ce, tsaf da ita, da farin tabarau, da carbi a hannu, tafin hannun ya sha lalle.

"Zauna nan, 'yata," ta ce. Ta turo mini farantin alkaki, har ta ba ni matashin da take jingine da shi. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna. Ban tambayi ko wace ce ba. (Ku riƙe wannan, nan ne na fara taka sawun ɓarawo.)

Ana cikin hira wayar wata ta yi ƙara, kuma kiɗan buɗe shirin nan ne ta sa. Ɗaki ya ɗau dariya. Wata matashiya ta dubo wajen da muke tana murmushi ta ce, "Ai shirin nan ba dama. Mu dai mun gode Allah." Ni a wautata na ɗauka ni take gayyata in yi magana.

Jama'a, kunyar gonar nan ta ɓalle.

Na ce ba dama a ina? Na fara da marubucin, na ce da alama bai taɓa zama da kakarsa ta ba shi labari ba. Na koma kan tulu da igiyarsa. Na zo kan agogo, har na faɗi ko a kashi na nawa ne aka gan shi. Na ce gashin nan auduga ce tsagwaronta, mu da muka tashi a ƙasar auduga za a yi wa wayo? Na ce kuma me ya sa kullum mayya sai tsohuwa talaka, ba a taɓa nuno mai kuɗi da mota yana cin kurwa ba? (Wannan kam har gobe ina kan bakana.)

Ɗaki ya yi tsit. Ni kuwa malamar firamare ce, a wurina shiru yana nufin darasi na shiga. Sai na ƙara murya.

Rabi ta shigo da tiren zoɓo, ta tsaya cak. Ta zaro mini ido, ta kanne ɗaya, ta ƙara zarowa. Na ɗauka hayaƙin murhu ne ya shige mata. Ta matso ta take mini ƙafa. Na ce, "Rabi, kin taka ni fa," na janye ƙafar na ci gaba.

"Ita kuwa tsohuwar da ke fitowa a Uwar Mayu," na ce, "ban san a wace kasuwa suka samo ta ba. Ku gaya mini tsakani da Allah, akwai ɗan Adam ɗin da yake dariya haka? Kamar jaki ya haɗiye usur!"

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ina! Sai na miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin surukan mutane, na ɗaure gyale a ƙugu, na baza yatsu, na ɗaga kai sama, na kwaikwayi dariyar tun daga tarin har shaƙuwar. Na yi ta da dukkan ƙarfina, har ɗankwalina ya zame ya faɗi, kitson da ya kwana uku yana neman tsifa ya bayyana.

Na tsaya ina haki, ina jiran a tafa.

Ba wanda ya motsa. Sai daga gefena, daidai inda na tashi, na ji wani abu ya fara can ƙasa kamar tari. Ya hau. Ya ƙara hawa. Ya ƙare da shaƙuwa.

Na juya a hankali. 'Yar tsohuwar nan ce mai farin tabarau, ta ɗaga kai sama, tana riƙe da ciki, hawaye na bin kumatunta. A wuyan hannunta na hagu kuwa ga agogon nan, shi ɗin dai, mai baƙin maɗauri.

"Goggo Hanne ke nan," in ji Rabi da wata ƙaramar murya. "Yayar baban ango."

Kun san abin da na ce? Duk kalmomin Hausa da nake koya wa yara, ba wadda ta zo mini sai: "Sannu da aiki." Na faɗa, na yi waje. A bakin ƙofa na zura takalmi, ashe ƙafa ɗaya nawa ne, ɗayar ta wata baiwar Allah ce. Na ratsa masu tuƙa tuwo, na zagaya bayan rumbu, na sami wani turmi a kife na zauna. Sai kuka ya zo. Da farko na kunya ne, daga baya ya zama wani daban, wanda na san ba na ɗakin nan ba ne.

Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, sai na ji takun sanda. Goggo Hanne ce, ɗankwalina a kafaɗarta, farantin alkakin a hannu. Na zame daga kan turmin na durƙusa.

"Goggo, don girman Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Tashi ki ba ni turmin, gwiwa ba ta da kyau," ta ce. Ta zauna tana nishi. "Agogon nan gaskiyarki ne. Da shi nake duba lokacin shan maganin hawan jini, ranar na manta ban cire ba, su ma yaran da ke ɗaukar shirin ba su lura ba. Gashin ma auduga ce, ga ƙaiƙayi kamar me. Amma dariya, 'yata, tawa ce. Da ita aka haife ni. Marigayi Malam yakan ce in zan yi in bari ya fita tukuna. A gidan suna mai shirin ya ji ni, ya bi ni har gida."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Maganar tsofaffi kuma da kika yi," ta ci gaba, muryarta ta sauka, "ta shige ni. Yanzu in na fito unguwarmu yara watsewa suke yi. Jikata ta yi wata guda ba ta cin abin hannuna. Na gaya wa masu shirin su sa mayya mai gwala-gwalai, sun ce mutane ba za su ji tsoro ba." Ta gutsiri alkaki ta miƙo mini. "Amma ke in tambaye ki. Mai ƙin abu ba ya sanin kashi na nawa aka ga agogo. Ke ba ki taɓa fashin kallo ba. Me ya zaunar da ke?"

Nan na ba ta labarin Inna. Tabarmar, da gyaɗar, da mayafin, da yadda nake juyawa hagu har yanzu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Rabi. Ta saurare ni ba ta katse ni ba, tana jan carbinta a hankali. Can ta ce:

"Tana jin tsorona?"

"Sosai, Goggo. Da ido ɗaya take kallonki."

"Alhamdu lillahi. Ashe aikin bai tafi a banza ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makoma. Matso nan, kin bar kai a buɗe kamar marainiyar kaza."

Ta kamo kaina ta ɗaura mini ɗankwalin. Ba irin ɗaurin 'yan zamani ba, irin na da, mai tsauri, wanda ake ja har ya danne saman kunne, a ƙare da ɗan bugu a ƙeya alamar an gama. Rabon da wani ya riƙe kaina haka tun kafin damina. Na runtse ido, na so a ce ɗaurin ya ƙi yi ta sake. Amma hannun tsofaffi ba ya kuskure, sau ɗaya ta yi ya zauna.

Ita ta riƙe hannuna ta mayar da ni ɗakin. Tana shiga ta ce, "Ku ba ta wuri, magajiyata ce. In na gaji ita za a ɗauka, sai dai shaƙuwarta ba ta nuna ba tukuna." Ɗaki ya fashe, har da mai takalmin da ke tsaye a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya tana jirana.

Da za su tafi ta sa aka rubuta mini lambarta, ta ce duk kuskuren da na gani in kira in faɗa mata. Na kira sau uku ko huɗu kafin shirin ya ƙare. Tana saurara, tana dariyar nan har sai na nisanta wayar da kunne. Sai dai ita ba ta ce mini Allah ya shirye ni, yarda take yi da duk abin da na faɗa, kuma suka ba ta da daɗi in ba mai kare abin. In na ajiye wayar sai ɗakin ya ƙara faɗi.

Har yau a gidan su Rabi ba a kirana da sunana, Magajiya ake ce mini, har 'yan yaran da ba su san dalili ba. Na haƙura, ni na saya da bakina. Abin da dai na koya shi ne, in kika ga mata goma sha biyar sun yi shiru lokaci guda a gidan biki, ba daɗin maganarki suke ji ba. In kuma ƙawarki ta take miki ƙafa, kada ki janye. Ki bar mata ƙafar, ki rufe bakin.