Golan da Na Ƙirƙira a Bikin Zakirai

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba zan taɓa mantawa da wani biki da aka yi a Zakirai ba. Na je shi a matsayin mai neman aure, na dawo a matsayin abin ba da labari.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Gezawa, amma ba da koyarwar aka san ni ba. A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu Koci ake kirana. Ban taɓa horar da kowa ba, ni kaina in na yi gudu daga bakin titi zuwa masallaci sai na nemi wurin zama, amma musu kam Allah ya hore mini. In aka fara gardamar 'yan baya, wa ya fi wa iya tare gida, kowa shiru yake yi ya bar ni da bakina. (Sai daga baya na gane ba gamsuwa suke yi ba, gajiya ce.)

Ina neman wata yarinya a Zakirai, Hadiza. Mun daidaita da ita. Mahaifinta, Alhaji, bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Ya ce a jira babban ɗansa Mustapha, wanda ya daɗe yana aiki a Amurka, zai zo bikin yayar Hadiza, sai ya gan ni. Hadiza ta ja mini kunne cewa Yaya Mustapha mutum ne mai barkwanci amma ba ya son mai cika baki, don haka in gaishe shi, in ci abinci, in kama bakina. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai mu shiru gadonmu ne.

Bikin ya faɗo da kaka, an gama sussukar gero a filin ƙofar gida, ga tulin ƙaiƙayi can gefe ba a kwashe ba. Na sha farar shaddata da ta sha bugu, na kafa hula. Bayan an shafa fatiha an ci waina da miyar taushe, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Nan na ga Yaya Mustapha: ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Kusa da shi abokinsa Dakta Kabiru, siriri mai tabarau, shi ma a Amurka yake zaune. Na durƙusa na gaishe su, na koma bakin tabarma. Wallahi na yi ƙoƙari, na riƙe bakina har aka gama shan zoɓo.

Sai suka ɗauko musun da a fili yake sun daɗe suna yinsa: a tarihin ƙwallon Amurka, wace ƙungiya ce ta fi ƙarfin tsaron baya. Yaya Mustapha ya kafe a kan wata ta shekarun tamanin, ya ce abokan karawarsu tun daga ɗakin sa kaya suke fara addu'a, mai jifansu ko ɗaga kai ba ya samun yi. Dakta Kabiru ya ce tsoratarwa daban, hana ci daban, shi tasa ta farkon shekarun dubu biyu ce, wadda da ƙyar ake iya cinta, in kuma tsofaffi ake so a koma shekarun saba'in. (Na ji suna ta cewa mai jifa, mai jifa. Na ɗauka wanda ke jefo ƙwallo in ta fita waje suke nufi, har na yi mamakin yadda Amurkawa suka ɗauki jifa da muhimmanci haka.)

Ƙwallo, tsaron baya, musu. An taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi gyaran murya.

"Yaya, a gafarce ni, amma ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Yaya za a yi maganar tsaro ba a ambaci gola ba?"

Yaya Mustapha ya dubi Dakta, Dakta ya dubi ƙasa. Sannan Yaya Mustapha ya tambaye ni cikin ladabi ko ina kallon ƙwallon Amurka. Na ce tun ina sakandare. (Na taɓa ganin 'yan Amurka a gasar duniya, aka ci su. Iyakar karatuna ke nan.) Ya ce to madalla, wane gola nake gani ya fi.

Ni da nake son in faranta wa babban wa, sai na zaɓi ɓangarensa. Na ce ai golan waccan ƙungiya ta shekarun tamanin ba a sake haifar irinsa ba: dogo mai sanƙo, tafin hannunsa kamar faifai, fenariti ba ya wuce shi. Na juya kan Dakta na ce ƙungiyarsa kuwa babbar matsalarta 'yan bayanta sun cika taɓa ƙwallo da hannu. Dakta ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina na gama da wannan.

Yaya Mustapha bai yi ko murmushi ba. Ya riƙa ba ni igiya ina naɗa wa kaina. Ya tambayi sunan golan, na ce yana bakina, zai dawo. Ya tambayi kalar rigarsa, na ce kore. Ya gyaɗa kai ya ce lallai yau an haɗu da masani. Kafin nan kawunnan Hadiza da 'yan ɗaurin aure sun matso, ni kuwa ganin taro ƙara mini mai yake.

Sai Yaya Mustapha ya tashi ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko wani abu ruwan ƙasa mai kama da gwanda, da ɗinki a cikinsa kamar an yi masa tiyata. Ya miƙo mini. Jama'a, Allah ya buɗe mini ƙofar fita a nan, ni na rufe ta da hannuna. Na juya abin, na matsa shi, na ce, "Ayya Yaya, zafin mota ya lalata maka ƙwallo. Amma akwai mai faci a Gezawa, zai iya dawo da ita daidai."

Dakta Kabiru ya kwanta a kan tabarma. Yaya Mustapha ya bari dariya ta lafa, sannan ya bayyana wa jama'a, ba ni ba, cewa haka ƙwallon take tun fil azal, da hannu ake ɗaukarta a ruga, tsaro kuwa shi ne a kama mutum a maka shi da ƙasa. Gola kuma babu shi, ba a taɓa yinsa ba, kore ko ja.

Mai hankali a nan zai ba da haƙuri. Ni cewa na yi na sani, gwada su nake yi.

Ya ce to shi ke nan, tunda na sani, in tsaya can in nuna wa jama'a tsaro, zai taho da ƙwallo in tare shi. Na naɗe hannun riga, na tsaya a tsakiyar fili, na ware ƙafa da hannuwa irin tsayuwar gola, don ita kaɗai na iya. Ya rungume gwandarsa ya sunkuyar da kai ya taho kamar bijimin da ya tsinke igiya. Na ji ƙasa na motsi. Na tuna ni kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyata. Yana gab da isowa na daka tsalle gefe ina cewa hannu ne, ina kiran alƙali ya busa, na faɗa cikin tulin ƙaiƙayi har wuya. Ko rigata bai taɓa ba.

Ina fitowa ina kakkaɓewa aka ce Alhaji na kirana a zaure.

Wanda bai taɓa durƙusawa gaban surukinsa da ƙaiƙayin gero a cikin wando ba, bai san jarrabawa ba. Alhaji ya shiga tambayata a nitse: mutanen gida, makaranta, yadda damina ta yi mana, ko gyaɗarmu ta yi kyau bana. Ina amsawa da alhamdu lillahi, hawaye na taruwa. Susa a gaban suruki ba ta yiwuwa, sai na matsa a hankali na jingina da bango, na fara goga bayana sama da ƙasa, wai ni a dole ba a gani. Alhaji ya daɗe yana kallona.

"Malam," ya ce, "ka sosa da hannunka. Bangon nan yaɓen bana ne."

Hadiza ta daina ɗaukar wayata na ɗan lokaci, domin ashe duk matan biki ta kan katanga suka kalli wasan. Na riga na sallama. Sai daga baya na ji hukuncin da Yaya Mustapha ya yanke kafin ya koma: ya ce wa Alhaji a ba ni, mutumin da ƙaryarsa ke kama kanta da kanta haka ba zai iya cutar Hadiza ba. Da wannan shaidar aka ɗaura mana aure. Har yau a Zakirai Gola ake kirana, yaranmu in sun je hutu 'ya'yan Gola ne.

Ban daina musu ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Amma yanzu in na tarar ana gardamar ƙwallo, nakan ce a fara nuna mini ƙwallon tukuna. In kuma bakina ya riga ni, nakan waiga in ga abin da zan faɗa a kai.