Haddar da na yi wa saba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Agege, zamanin da wayar hannu ta fara shigowa, lokacin ina yankan tikiti a kafen intanet ɗin Alhaja Risikatu. Injiniyanmu, Oga Tunde, ya samu aiki a Apapa, sai Alhaja ta ce idan na iya riƙe sabar, wato kwamfutar da ke raba wa sauran intanet, kujerarsa ta zama tawa. Wallahi kujerar nan har mafarkinta nake yi ido biyu.

Manhajar sabar ba saye ake yi ba. Ɗanyarta ake saukowa da ita daga intanet, a rubuta mata dogon layin umarni na abin da za ta ɗauka da wanda za ta bari, sannan ta gina kanta. Ni kuwa layin Oga Tunde na haddace tsaf, yadda na haddace karatu a makarantar allo: baki ya iya, kai bai san fassara ba (kuma girman kai ya hana ni tambaya).

Sabuwar manhaja ta fito, na ce yau za a san ni. Na cire tsohuwar tun kafin in gwada sabuwar (kar ku tambaye ni dalili), na zuba haddata. Fararen rubutu suka fara gangarowa a baƙin allo kamar yayyafi. Fanka na juyawa a hankali, hayaniyar motocin haya na danfo ta yi nisa, na tallabi haɓa. Sai ga ni cikin jirgin sama da kwat, Turawa na rubuta abin da nake faɗa, 'yan unguwarmu na nuna ni daga nesa suna cewa ai tare muka taso.

Da na dawo duniya, rubutun ya tsaya. Ba ta ginu ba.

Na ce lallai na yi tuntuɓe a hadda. Na sake bugawa, ta ƙi. Na sake. Ko kallon abin da ta rubuta a ƙasa ban yi ba, don a ganina layin Oga Tunde ba ya kuskure, sai dai mai karanta shi. Ana cikin haka aka sauko daga masallaci, kafe ya cika maƙil, babu intanet ko a kwamfuta ɗaya. Ni ban ma san na fara rera layin a fili ba, ina rangaji gaba da baya, sai da wani dattijo mai goro ya dafa ni ya ce, "Malam, a saka mu a addu'ar."

Alhaja ta zaro sabuwar wayarta ta kira Oga Tunde, ta riƙe abarta gam, tana isar da saƙo da ƙarfi.

"Ya ce me allon ya rubuta? Oya, ɗana, karanta mana."

Na karanta, a gaban kowa. Ashe manhajar cewa take ba ta san ɗaya daga cikin umarnin ba, an cire shi a sabon fitowa, har ta ambaci sunansa ɓaro-ɓaro.

"Ya ce goge shi kawai. Ya ce tun yaushe take faɗa maka haka?"

"Tun hantsi, Mama."

Innalillahi! Dariyar da aka yi, har wani ɗan acaɓa ya leƙo. Na ji kunya kamar in shige cikin sabar. Na goge guntun umarnin, ta ginu lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

Alhaja ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi zafi. Mako na zagayowa ta ɗauko wani injiniya, ni kuma na koma kan tikitina, kuma gaskiya abin ya daɗe yana ci min rai. Tun daga ranar, ko injin nika ne ya yi wata ƙara, sai na rufe bakina na ji kokensa tukuna.