Injin Raba-Daidai na Injiniya Nuraddeen

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa Abuja baiwa da su a shekarun da soja suka koma bariki, arzikin mai ya yi ambaliya, benaye suna tsirowa kamar ciyawar damina, duk wanda ya tsallake sunan Injiniya Nuraddeen Muktar ya zalunci tarihi. Shi kansa Injiniyan ya sha faɗar haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa?

Mataimakin Darakta ne a sashen sufuri na wata ma'aikatar tarayya. Injiniyancinsa ba irin na wahala ba ne, wanda mutum zai yi ta ƙona ido a jami'a har gashinsa ya zube. Wani taron bita aka tura shi Kaduna kan tattalin motocin gwamnati. Ya tafi yana Malam Nuraddeen, ya dawo da jaka da biro da Injiniya a gaban sunansa. Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi Malam da iska yake magana. Wayoyin hannu uku yake jerawa a kan tebur, a zamanin da layi ɗaya ya fi ragon layya tsada. A jakarsa kuma akwai wata sifana mai ƙyalli, naɗe cikin farin hankici, wadda ba ta taɓa sanin ɗanɗanon noti ba. Da ita yake nuna mutane idan yana bayani. Ƙananan ma'aikata, saboda tsabar ƙauna, suka raɗa masa Oga Sifana, amma sai ya ba da baya suke faɗa.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa bawan Allahn nan a maƙoshi, wato kalmar Mataimaki. Ya daɗe yana ɗauke da ita kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ga ritaya ta leƙo, ga kujerar Darakta babu kowa a kai, Babban Sakatare na shirin zaɓen wanda zai hau. Idan ta wuce shi a wannan karon, to Mataimaki zai tafi gida, Mataimaki za a riƙa gabatar da shi a wurin ɗaurin aure har ƙarshen ransa. Abokiyar takararsa ɗaya ce, Madam Rosemary, ita ma Mataimakiya. Ba ta da wata fasaha sai sammakon ofis da karanta fayil kafin ta sa hannu, ɗabi'un da kowa ya san ba sa kai mutum ko'ina. Duk da haka Injiniya ya ga gara ya yi abin da zai rufe bakin mahassada gaba ɗaya.

Ana cikin haka gwamnati ta yi gwanjon tsofaffin motocinta, ya samu wata gawar mota wadda ba inji a cikinta. Ya sa aka janye ta zuwa gidan gonarsa da ke Karshi. Ran Litinin ya tara ma'aikatan sashensa, ya zare sifana daga hankici.

"Kun san matsalar ƙasar nan?" ya tambaye su. Ba wanda ya sani, ko kuma ba wanda ya ga amfanin sani. "Matsalar ita ce ba mu da bishin, wato hangen nesa. A ɗaukar ma'aikata muna raba-daidai. A naɗin ministoci muna raba-daidai. Amma ka buɗe bonet ɗin mota, me za ka gani? Inji guda daga wuri guda! Ina wakilci? Ina adalci? Ni, a matsayina na injiniya, zan haɗa injin farko a Afirka da kowace shiyya za ta duba ta ga ɗanta a ciki."

Aka yi tafi, domin lokacin cin abinci ya yi.

Ya kuwa cika alkawari, a nan kam ba za a ci haƙƙinsa ba. Gangar jikin injin daga Legas ta zo. Kan injin daga Kano. Fistin daga Fatakwal, kamshaf daga Bauci, fulinsa daga Nnewi, bel kuma daga Jos, don kada 'yan tsakiya su ce an mayar da su saniyar ware. Duk 'yan Beljiyam ne, wato tsofaffin kayan waje, dangin inji ɗaya, sai dai wani ya girmi wani da shekaru, wani kuma ba su taɓa haɗa hanya ba. Kanikawa ma biyu ya ɗauko don daidaito, Lukmanu mutumin Zariya da Zacharias mutumin Kwali. Abin da bai bincika ba shi ne, mutanen nan biyu sun daɗe ba sa ga maciji da juna a gareji. Idan ɗaya ya ce noti ya ɗauru, ɗayan sai ya kwance shi ya sake ɗaurewa.

Da goge nan, da fafe can, da addu'a, kayan suka yarda suka zauna tare. Sai aka zo kan taimin.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, abin ba wuya. Kamshaf wani dogon ƙarfe ne mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke kwance a saman inji. Idan yana juyawa, shi ke buɗe 'yan ƙofofin da ake kira bawul, mai da iska su shiga, hayaƙi ya fita. A ƙasa kuma fistin na hawa yana sauka. Dole ƙofa ta kauce kafin fistin ya iso sama, in ba haka ba su yi karo, kuma karon ƙarfe da ƙarfe ba a gama shi da ban haƙuri. Bel mai haƙora ne ke haɗa na sama da na ƙasa don su tafi tare. Masu ƙera inji sukan sa 'yar alama a jikin fulin kamshaf, wato faifan da bel ke hawa, a saita ta da wata tsaga, shi ke nan.

To fulin nan na Nnewi an yi shi ne don inji iri biyu, saboda haka alama biyu gare shi, ɗigo da kibiya, tsakaninsu haƙora shida.

"Wallahi ranka ya daɗe ɗigon ne," in ji Lukmanu. "Kan injin nan tsohon yayi ne, na sha kwance irinsa."

"Oga, kar ka ji shi," in ji Zacharias. "Kamshaf ɗin sabon model ne. Kibiya ne daidai. Wannan mutum taya kawai ya sani."

Nan fa hazaƙar Injiniya ta samu fili. Wani ƙaramin mutum da sai ya tsaya tambayar wanne ne gaskiya. Shi kuwa ya sa aka kawo tebur da kujeru ƙarƙashin mangwaro, ya ƙaddamar da kwamitin mutum uku, ya naɗa kansa shugaba ba hamayya. Aka buɗe taro da addu'a iri biyu. Ya saurari ɓangaren ɗigo, ya saurari ɓangaren kibiya, ya ɗage zama aka sha lemo, sannan ya dawo da hukunci.

"Na ji koken kowa. Idan na bi ɗigo, Zacharias zai ce an danne shi. Idan na bi kibiya, Lukmanu zai ce an yi masa wariya. A gwamnati ba haka muke aiki ba. Haƙora shida ne tsakani, ko? To a ƙirga uku daga nan, uku daga can, a ɗaura bel a tsakiya. Ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Wannan shi ne folisi."

Kanikawan suka dubi juna. Kowannensu ya san tsakiyar nan ba ta kowa ba ce, amma daɗin ganin abokin gaba bai yi nasara ba ya fi masa komai. Suka haɗa baki, karon farko a rayuwarsu, suka ce hikima sai manya. Da aka ɗaura bel ɗin, Zacharias ya ɗauko babbar sifana zai juya injin da hannu, yadda kowane bakanike ke yi don ya ji ko wani abu na tokarewa a ciki. Injiniya ya daka masa tsawar da ta tashi tsuntsaye daga kan mangwaro.

"Kai! Wa ya taɓa ganin an bi gada kafin a yanke ƙyalle? Injin nan ba zai motsa ko da faɗin gashi ba sai Babban Sakatare ya ƙaddamar da shi. Kana so a ce na kawo wa oga ragowar aiki?"

Ya rufe bonet da hannunsa, ya ɗaure shi da ƙyalle kore da fari, ya sa mukulli a aljihu. Lukmanu ya goge hannunsa da tsumma yana cewa a ransa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Rana ba ta ƙarya. Ran Asabar gidan gona ya cika: rumfuna, fararen kujerun roba, mai ɗaukar bidiyo, farfesun kifi daga kasuwar Kado. Babban Sakatare ya iso cikin farar shadda wadda ke ƙara idan ya motsa. Madam Rosemary ma ta zo a tsohuwar motarta, ta zauna can gefe tana cin kifi da gaske. Shi kuwa Injiniya tun da safe ya sallami direbansa da motar da ya saba hawa, domin ya tsara cewa a sabon injin zai ja ayarin baƙi zuwa cikin gari, da Babban Sakatare a gefensa.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi," ya fara, sifana na walƙiya a hannunsa. "Turawa sun yi inji da lissafi. Mu mun yi namu da adalci. Yau za ku ji ƙarar haɗin kan ƙasa da kunnuwanku."

Jawabin ya yi tsawo har farfesu ya yi sanyi. Daga bisani Babban Sakatare ya yanke ƙyalle, aka ɗaga bonet, ya shiga ya zauna a mazaunin direba, ya murɗa mukulli.

Injin ya yi tari. Ya sake yin tari irin na tsohon da ya shaƙi barkono. Sai kuma ya saki wata ƙara, fam, wadda ta sa mai bidiyo ya kwanta rub da ciki, wasu daraktoci biyu suka haɗu a ƙarƙashin tebur ɗaya.

"Kada kowa ya tsorata!" Injiniya ya ɗaga hannu. "Shiyyoyi ne ke gaisawa. Sun daɗe ba su haɗu ba. Ranka ya daɗe, a ƙara ba ta wuta, a taka totur sosai."

Ya sunkuya ya cusa kai cikin bonet don ya ga gaisuwar da idonsa. Babban Sakatare ya taka. Wannan karon injin ya kama, na ɗan ƙiftawar ido, sai aka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, fistin Fatakwal na dukan bawul ɗin Kano ba sani ba sabo. Harshen wuta ya fito ta kafireto ya lashe rabin gashin bakin Injiniya da gefen hularsa. Bel ɗin Jos ya tsinke ya tafi sama. Baƙin hayaƙi ya bi ta ƙasan sitiyari ya cika motar. Sannan komai ya yi tsit. Lukmanu da Zacharias kuwa tuni sun kai bakin titi, kowanne na nuna ɗan'uwansa da yatsa yana gudu.

Babban Sakatare ya fito yana tari, farar shaddarsa ta koma ta mai sayar da gawayi. Bai dubi Injiniya ba. Ya tsaya gaban Madam Rosemary ya ce, "Madam, ki same ni a ofis ran Litinin. Ki zo da hoto mai kyau, na bango." Ya shiga motarsa.

Injiniya ya ji, kuma ya gane. Ya san bangon, ya san ƙusar da ake rataya hoton Darakta a kai, ya sha tsayawa yana kallonta idan ba kowa. Gaskiya a nan ya ba da tausayi, tsaye cikin hayaƙi da rabin gashin baki, baƙi na zamewa ɗaya bayan ɗaya ba ko sallama. Da la'asar sakaliya ba wanda ya rage sai masu kwashe kujeru da Madam Rosemary, wadda ke ɗure ragowar kifi a kula.

"Oga, shigo na sauke ka," ta ce. "Mota ba ya samuwa a nan yanzu."

Ya shiga baya, kusa da kular kifi, domin gaban cike yake da doyar da ta saya a kasuwar Karshi. Motar ta tashi bugu ɗaya. Sun ɗan taɓa tafiya, amma hali zanen dutse ne. Injiniya ya karkata kunne yana sauraren injin, ya girgiza kai cikin takaici.

"Madam, injin nan naki daga wuri ɗaya yake, ko? Na ji alama. Irin wannan ba ya ɗorewa. Yana tafiya dai, amma ba shi da wakilci. Idan kin hau kujera, shawarata ta farko a matsayina na injiniya..."

Madam Rosemary ta taka birki ta gangara gefen hanya. Ba gida ba bukka, sai duwatsu da gonakin dawa. Ta miƙa hannu baya ta buɗe masa ƙofa.

"Oga, za ka sauka ka jira mai wakilci ne, ko mu tafi?"

Injiniya Nuraddeen Muktar ya dubi dajin, ya dubi ranar da ke shirin faɗuwa. A hankali ya jawo ƙofar ya rufe.

"Mu tafi, ranki ya daɗe."